Fatar Mai Kai Saƙo da Dokar Mai Gida: Zanen Jiki a Sana'ar Kai Kaya a Bauchi

 

Duk wanda ya tsaya a Wunti da hantsi zai ga wata sana'a da a da can ba a san ta haka ba a garin Bauchi. Saurayi ne a kan babur, akwati ɗaure a bayansa, waya a kunne, yana cewa, "Hajiya, ga ni a bakin layin, wane gida ne?" A cikin akwatin akwai shinkafa da kaza da za a kai wa ɗalibai a Yelwa ko Gwallameji, ko turaren wuta da humra da wata matar aure ta haɗa a ɗakinta a Fadaman Mada, ko atamfa daga kasuwar Wunti, ko wani ƙunshi da ya kwana a hanya daga Kano aka sauke shi a tashar Yankari Express. Mai sayarwa da mai saye ba su taɓa ganin juna ba. Sun yi ciniki a WhatsApp, an tura kuɗi, alat ya shigo. Fuska ɗaya tak mai saye zai gani a duk cinikin, ita ce ta wannan saurayin.

Abubuwa da dama ne suka haifi sana'ar. Waya mai intanet ta shiga hannun kowa. Kamfanonin ciniki ta intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda duk aka kafa a 2012, sun saba wa mutane da sayen abin da ba su taɓa da hannu ba. Gwamnatoci kuma suka yi ta rufe wa acaɓa hanya: Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Legas ta hana a manyan sassanta a Fabrairun 2020, abin da ya sa kamfanin Gokada ya bar ɗaukar mutane ya koma kai kaya, ita ma Bauchi ta sanar da hana acaɓa a 2020, lokacin korona. Babur bai ɓace daga titi ba, amma matasa da yawa sun gane cewa ɗaukar kaya ma hanyar abinci ce. A watan Yulin 2020 ne hukumar gidan waya ta NIPOST ta fito da sabon kuɗin lasisi ga kamfanonin kai saƙo, aka yi ca a kanta, har ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, wanda mutanen Bauchi suka sani tun yana Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ba da umarnin dakatar da shi. Wannan ya isa ya nuna cewa sana'ar ta girma har hukuma ta fara lissafi da ita.

To, duk sana'ar da ta girma sai ta fara kafa dokoki, kuma dokar farko da mai gida ke kafa wa yaronsa ita ce ta kamanni. Yaya gashinsa yake? Wane irin wando ya sa? Idan ya naɗe hannun riga, me za a gani a damtsensa? Abin da wannan lacca za ta duba ke nan: ina iyakar ikon mai kamfani a kan fatar wanda ya ɗauka aiki, musamman idan akwai zane a kanta.

A fara da inda aka daɗe ana wannan muhawara. Kamfanin UPS na Amurka, wanda aka kafa a birnin Siyatil a 1907, yana cikin manyan kamfanonin kai saƙo na duniya, kuma an san direbobinsa da yunifom ruwan ƙasa da tsauraran ƙa'idojin shiga. Shekara da shekaru direban da ke hulɗa da jama'a ba ya barin gemu, ba ya tara gashi, in kuma yana da tatu dole ya rufe shi. Wannan ƙa'ida ta ci Musulmi da Sik da Yahudawa da 'yan Rasta, waɗanda gemu ko gashi addini ne a wurinsu. Hukumar Amurka mai hana wariya wajen ɗaukar aiki ta maka kamfanin a kotu a 2015, kuma a ƙarshen 2018 ya amince ya biya dala miliyan 4.9 don a kashe maganar. A Nuwamban 2020, watanni kaɗan bayan Carol Tomé ta zama mace ta farko da ta shugabanci kamfanin, aka halatta gemu da kitso da tara suma irin ta baƙar fata. A 2021 aka sassauta dokar tatu: ma'aikaci na iya barin zanensa a fili matuƙar babu zagi ko hoton batsa ko cin zarafin wasu a ciki, ban da na fuska da wuya da kai da tafin hannu da bayansa.

Ba tausayi kaɗai ya kawo wannan sauyi ba. Kasuwa ce ta tilasta. Lokacin korona kaya sun yi yawa, direbobi sun yi ƙaranci, ga shi kuma binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna da tatu aƙalla ɗaya. Kamfanin da ya ce ba ya son mai zane ya kori kusan mutum ɗaya cikin uku tun kafin a fara ganawa. Kamfanin Disney ya bi sahu a Afrilun 2021, kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic ya bi a Mayun 2022, rundunar sojan ƙasa ta Amurka ma ta sassauta tata a wannan shekarar. A Japan kuwa akasin haka ake gani, domin can an daɗe ana danganta tatu da 'yan dabar yakuza, har ta kai a 2012 magajin garin Osaka, Toru Hashimoto, ya sa aka rarraba wa ma'aikatan birnin takarda kowa ya faɗi ko yana da zane a jikinsa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Niyu Zilan. Kamfanin Air New Zealand ya daɗe yana ƙin ɗaukar masu zane a fili, alhali 'yan asalin ƙasar, Maori, zanen fuska da na hannu gadonsu ne, shi ke nuna dangin mutum da matsayinsa. Wato dokar da aka rubuta don tsabtar kamanni ta koma shingen hana 'yan ƙasa aiki a kamfanin da ke ɗauke da sunan ƙasarsu. An soke ta daga 1 ga Satumban 2019. Shekara guda bayan haka Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin waje, ta zaga duniya da zanen gado a haɓarta.

Wannan ya dawo da mu gida, domin Bahaushe ba baƙon zanen fata ba ne. Da safiyar ranar suna wanzami ke zuwa da zabirarsa, ya baje asake, ya aske gashin jariri, a gidajen da ke da al'adar kuma ya yi masa tsagar gidansu, ya goga baƙin tukunya ko gawayi don ta fito sosai in ta warke. Jariri ya tsala ihu, goggonni su yi guɗa, a tara wa wanzami kuɗi da hatsi, a ware masa nasa kason na naman suna. Sana'a ce mai sarauta, domin har yau akwai Sarkin Aska a masarautunmu. Tsaga kuwa iri-iri ce. Akwai ta gado, kamar ta Gobirawa mai layi shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ko zuben Barebari, ko bille, ko fashin goshi, ko 'yan baka. Akwai ta magani, wadda ake yi wa yaro a ciki ko a ƙirji ko a gefen ido saboda saifa ko taune-taune ko ciwon kai. Akwai kuma ta ado, irin su kalangu da jarfa, da baƙin da matan Fulani ke yi a leɓe da gefen baki, wanda da ƙaya ko allura ake cusa shi cikin fata, kamar dai yadda injin mai tatu ke yi a yau.

Ƙasar Bauchi ta fi wurare da yawa sanin wannan. Tun lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1809, nan mahaɗar al'ummomi ce: Gerawa, Jarawa, Sayawa, Fulani, Warjawa, Zulawa, Bolawa, Karekare, Barebari, Hausawan da fatauci ya kawo, da wasu da yawa. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, tsaga ce ke gaya wa mayaƙi wane ne nasa, ita ce kuma ke mayar da ɓataccen yaro gidansu ko da bayan shekaru. Tsoho a kasuwa zai dubi fuskar baƙo ya faɗa masa garinsu kafin ya buɗe baki. Har wasan barkwanci da ita ake kunna shi: Bafulatani na hango zuben Babarbare ya san ya sami abokin tsokana. Fuska mai tsaga ba ta hana kowa shugabanci ba. Janar Sani Abaca ya mulki Najeriya da tasa, Cif Olusegun Obasanjo ya mulke ta sau biyu da tasa.

A zamanin Obasanjon ne, a 2003, aka kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara, wadda sashe na 24 nata ya haramta yi wa yaro tatu ko tsaga, da hukuncin tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata guda ba, ko duka biyun. Dalilan a fili suke. Aska ɗaya da ta bi jarirai da yawa ba a dafa ta ba tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan, tana kuma iya jawo sandarewar wuya. Sannan yaro ba a tambaye shi ba. Amma a lura da kyau: dokar ta hau kan mai yanka ne da wanda ya sa a yanka. Ba ta ce komai ba a kan wanda aka yanka. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da ya taho daga Ningi ko Dass ko Darazo neman aiki da layuka a kumatunsa bai aikata komai ba, yana ɗan kwana bakwai aka yi masa. Mai kamfanin da ya kwafo takardar ƙa'idoji daga intanet mai cewa ba a ɗaukar duk mai wata alama a fata, ya liƙa a bangon ofishinsa ba tare da ya tace ta ba, ya kori wannan saurayi saboda kakanninsa. Wannan zalunci ne, kuma yana iya zama saɓa wa doka, kamar yadda za a gani nan gaba.

Sai tatu na zamani, wanda baligi ya kai kansa aka yi masa. A nan ba za a yi rufa-rufa ba: a garin da mafi yawan jama'a Musulmi ne, kuma jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2001 a zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, hukuncin sananne ne. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya tsine wa mai yin zanen da ba ya gogewa da wadda ta nemi a yi mata, kuma jumhurun malamai a kan haramci suke. Lalle da ƙunshi ba sa cikin wannan, tunda a saman fata suke, kuma suna gogewa. A ɓangaren Kirista ma, masu wa'azi da yawa suna kafa hujja da Littafin Firistoci sura 19 aya 28 wajen hana shi, ko da yake Kibɗawan Masar sun yi ƙarnuka suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu a matsayin shaidar addininsu. Saboda haka uwar da ta leƙo ta ga zane a hannun mai kawo mata kaya ta ji wani iri, ba ƙiyayya ce ta sa ta ba, tarbiyyar da ta tashi a ciki ce.

Sai dai haramcin aiki daban, hana mai shi neman halal daban. Malaman da suka haramta tatu su ne kuma suka yi bayanin halin wanda ya riga ya yi: ya tuba, in cirewa za ta cutar da shi ya bar shi, kuma da yawansu sun ce alwalarsa da wankansa sun inganta, tunda tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa jiki. Akwai wanda ya yi zanen yana ɗan shekara goma sha bakwai a Legas ko Fatakwal cikin zugar abokai, yanzu ya yi aure yana neman abin ciyar da iyali. Akwai wanda ya musulunta da zanensa. Akwai yaro Kirista daga Yelwa da ya rubuta sunan mahaifiyarsa da ta rasu a damtsensa. Idan liman bai kori mutum daga sahu ba, da wace hujja mai babura uku zai kore shi daga titi? Wanda aka rufe wa ƙofar sana'a ba ya ɓacewa daga gari. Yana nan a bakin layi, kuma mutanen Bauchi sun san abin da zaman banza ke haifarwa.

Tsoron masu kamfani ba na banza ba ne, wannan kuwa dole a faɗa. Mai kai saƙo yana ɗauke da dukiyar mutane, wani lokaci wayar dubu ɗari uku, wani lokaci kuɗin kaya da aka biya a hannu. Ya san gidaje, ya san lokacin da maigida ba ya nan, yana da lambar wayar matan aure. A unguwanni irin su Jahun da Nasarawa da Bakaro, inda aka rubuta "Ba a shiga" a bangon zaure, iyakarsa ƙofar gida: ya yi sallama ko ya buga waya, a aiko yaro ya karɓa. Amana ce zalla. Ga kuma ƙungiyoyin asiri na makarantu, waɗanda tushensu ya faro daga ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya, kafin wasu su biyo baya su rikiɗe su zama na zubar da jini, irin su Black Axe da Eiye. Wasu 'ya'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suna zana alamarsu a jiki. Mai kamfanin da ya ga gatari ko ƙoƙon kan mutum a wuyan mai neman aiki ya tsaya ya yi tambaya, ya yi daidai. Abokin gabar wannan ƙungiya na iya tare yaron a hanya, kaya da rai su salwanta.

Amma matsalar tsaron da ta fi addabar garin nan, wato sara-suka, ba da tatu ake gane ta ba. Yaran da suka sa unguwanni kwana da ido biyu, mafi yawansu fatarsu sumul take. Haka nan wanda zai gudu da babur ɗin mai gida ko ya ce kaya sun faɗi a hanya, ba a rubuce yake a hannunsa ba. Najeriya ta riga ta ga ƙarshen wannan tunani na hukunta matashi da kamanninsa. Cikin manyan koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 akwai yadda jami'an rundunar SARS ke tare samari saboda tatu ko dada ko waya mai tsada, su ɗauke su a matsayin 'yan fashi ko 'yan damfara. An rusa rundunar ranar 11 ga wannan wata. Bai kamata abin da aka yi tir da shi a shingen 'yan sanda ya dawo ta teburin ɗaukar aiki ba.

Wani zai ce, ai soja ma ba ya ɗaukar mai tatu. Gaskiya ne. Sanarwar ɗaukar kurata ta sojan Najeriya takan sa wannan sharaɗi, kuma sababbin ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Disambar 2024 sun hana jami'ai yin tatu da huda jiki. Duk yaron Bauchi da ke mafarkin sa kaki, wanda ke wucewa ta gaban barikin Shadawanka yana kallon sojoji, ya kamata ya san wannan tun kafin ya miƙa hannunsa ga mai allura. Sai dai soja ya miƙa wa ƙasa jikinsa ne gaba ɗaya, ita kuma ta ɗauki albashinsa da maganinsa da fanshonsa. Mai kai saƙo fa? Sau da yawa babu albashi tsayayye, sai kaso daga kowace tafiya, ko balas da zai kawo kullum. Shi ke jin zafin tsadar mai tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. In ya faɗi ya karye, danginsa ne ke jinya. Wanda bai ɗauki nauyin jikin mutum ba, ikonsa a kan wannan jiki yana da iyaka.

Me doka ta ce? Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ya kuma ƙara da cewa ba za a tauye kowa ba saboda yanayin haihuwarsa. Tatu na ado ba ya cikin wannan jeri, don haka mai kamfani yana da sararin kafa ƙa'ida a kansa. Tsagar gado kuwa tambarin ƙabila ce da asali, wanda ya ƙi mutum saboda ita ya taka wuri mai santsi. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙararrakin aiki, har da na wariya a wurin aiki. Sannan sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. A nan ne gizo ke saƙa. Yawancin yarjejeniyar wannan sana'a da baki ake ƙulla ta: "Ga makulli, ga akwati, ka kawo mai tsaya maka." Ranar da wata mai saye ta buga waya ta ce yaron da aka aiko mata bai kwanta mata a rai ba, sai a ce ya ajiye makulli, ba a biya shi kuɗin makon ba. Ba shi da takardar da zai nuna wa kowa.

Saboda haka abu na farko shi ne a rubuta ƙa'idar, a karanta wa mai neman aiki ita da Hausa tun ranar farko, kafin ya ci bashin sayen waya ko ya bar wata sana'ar. Ta fito fili ta ce tsagar gado da ta magani da tabon ciwo ba su cikin lissafi. Ta ce lalle ba laifi ba ne, domin mata sun fara shiga harkar, ko ba a kan babur ba to a ofis da wurin karɓar kaya, kuma dattijo mai lalle a gemu sunna yake bi. A kan tatu, a dubi abin da aka zana: alamar ƙungiyar asiri, batsa, zagi, ko abin da ke taɓa addinin wani, waɗannan mai kamfani na da cikakken haƙƙin ƙi. Saura kuwa a ce a rufe lokacin aiki, shi ke nan. A garin nan rufewa ba abu ne mai wuya ba, tunda doguwar riga ita ce shigar mutunci ko da babu zane, kuma mai tuƙa babur yana bukatarta saboda rana da ƙura da gurjewa in an faɗi. Sharaɗin kawai shi ne mai gida ya sayi rigar da kuɗinsa, ta kasance mara nauyi mai shan iska. Wanda ya taɓa tsayawa a danja a watan Afrilu da azahar ya san abin da ake nufi. Ko a Amurka, zafin cikin mota ya kasance cikin manyan abubuwan jayayya tsakanin UPS da ƙungiyar direbobi ta Teamsters a 2023, har kamfanin ya yarda ya sa na'urar sanyaya iska a sababbin motocinsa daga 2024.

Ita kuma Hajiyar da ke bayan labule, abin da zai kwantar mata da hankali ba fatar yaron ba ce. Riga ce mai sunan kamfani da lamba a baya. Katin shaida mai hoto a wuya. Saƙon da aka turo mata tun kafin ya iso, mai ɗauke da sunansa da lambar babur. Lambar ofis da za ta kira in wani abu ya faru, a kuma ɗauka. A wurin mai kamfani kuwa, lambar NIN, lasisin tuƙi, takardar mai unguwa, da mutum biyu masu mutunci da suka tsaya masa. Abin da tsaga ta yi wa kakanninmu, wato ta ce wannan ɗan gidan wane ne, ga inda za a bi a same shi, waɗannan takardu ne ke yin sa a yau, kuma sun fi duban damtse kama ɓarawo.

Akwai kuma haɗari guda da dokar kora ke haifarwa wanda ba a cika magana a kansa ba. Saurayin da aka ce ba zai sami aiki ba sai zanen ya fita, zai nemi fitar da shi ta kowace hanya: ruwan batir, dutsen guga mai zafi, reza, ko man bilicin mai ƙarfi. Tawadar tatu tana can cikin fata ta biyu, ƙasa da inda waɗannan abubuwa ke tsayawa ba tare da sun yi ɓarna ba, don haka abin da ke biyo baya shi ne ƙuna da ruɓewa da gyambo. Fatar baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai kumburi, wanda ke ci gaba da girma ya wuce inda aka ji ciwon, ya yi ta ƙaiƙayi shekaru. Hanyar da likitoci suka amince da ita ita ce ta hasken leza, wadda ke farfasa tawadar a hankali jiki ya kwashe ta, kuma tana bukatar zuwa sau da yawa da tazarar makonni, ga tsada, ga shi a baƙar fata sai ƙwararre don kada wurin ya yi fari. Wanda ke da niyyar cirewa ya fara da ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani babban asibiti, ya ji shawara kafin ya taɓa komai. Masu kamfani kuma su daina sa cirewa a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Yadi ɗaya da rabi na doguwar riga ya wadatar.

Allah Ya tsare masu hawa babur a kan hanya, Ya sa albarka a kasuwa.